Yadda Ake Ɗorewa da Atisayen Fisiyo a Gida ga Yaro Mai Nakasa

Mako ɗaya awa 168 ne. Yaron da ke ganin likitan fisiyo, wato mai gyaran motsin jiki ta hanyar atisaye, sau ɗaya a mako, da wuya zamansu ya cika awa guda, sauran awa 167 kuwa yana hannun mutanen gida. Abin da ya sa ke nan ake sallamar iyaye da atisayen da za su riƙa yi wa yaro da kansu. Kusan kowa da zafinsa yake farawa. Makon farko safe da yamma, mako na biyu a tsallake kwana ɗaya, kafin wata ya ƙare an manta inda aka ajiye takardar. Galibi tsarin ne ya yi wa gidan nauyi tun daga farko: atisaye goma sha biyu, lokaci na musamman da babu shi, ga yaro yana tsala kuka, ga sauyi ba ya ganuwa. Matakan da ke tafe na rage wannan nauyin ne. Zaɓen atisayen da ya dace da yaronku kuwa aikin likitan fisiyon da ya duba shi ne, domin abin da ke gyara wani yaron yana iya cutar da wani.

Mataki na farko: kafin ku fito daga ɗakin likita

Rabin nasarar atisayen gida a nan ake samun ta. Kada ku tsaya a kan kallo da gyaɗa kai. Duk atisayen da aka nuna, ku karɓi yaron ku yi da hannunku a gaban likitan, ya gyara muku inda kuka kama da ƙarfin da kuka sa. Abin da ido ya ɗauka a matsayin mai sauƙi, hannu kan rikice a kansa idan an koma gida. Ku nemi izini ku ɗauki bidiyo da waya, likitan yana yi yana bayani, sannan a ɗauki naku bayan an gyara.

Ku tambayi sau nawa za a maimaita, daƙiƙa nawa za a riƙe, sau nawa a rana, da kuma alamar da in an gan ta za a dakata. Sai tambayar da ta fi su duka amfani, wadda mutane ke jin nauyin yi: "A ranar da abubuwa suka cakuɗe mana, wane guda ɗaya ne ba za mu bari ya wuce ba?" Idan an rubuta muku atisaye goma, ku faɗi gaskiya cewa uku ko huɗu za ku iya riƙewa, a zaɓa muku mafi muhimmanci. Likitan da ya san aikinsa ba zai ji haushin wannan ba.

Mataki na biyu: buri ɗaya, wanda ido zai iya gani

"Muna so ya warke" addu'a ce mai kyau, amma ba a iya auna ta ranar Talata da yamma. Ku zauna da likitan ku tsayar da abu ɗaya da ake son yaron ya iya nan da wata biyu ko uku: ya zauna a ƙasa ba tallafi na tsawon minti ɗaya yana wasa da hannu biyu, ko ya tashi daga ƙaramar kujera yana dafa tebur, ko ya kai cokali baki da hannun da ya yi rauni. Idan yaron ya yi wayo, a tambaye shi abin da yake so ya iya. Wanda ya ce yana so ya buga ƙwallo da yayyensa zai jure atisayen tsayuwa fiye da wanda aka ce masa kawai "tsaya."

A shekarar 2009 an wallafa wani bincike da Iona Novak da abokan aikinta suka yi a Ostiraliya kan yara masu shanyewar gaɓoɓi mai tushe a ƙwaƙwalwa, lalurar da likitoci ke taƙaita sunanta da CP. Iyaye suka tsayar da buri tare da masana, suka riƙa yin atisayen a gida, kuma cikin mako 8 aka ga ci gaban da za a iya aunawa. Abin lura shi ne yawan aikin: kimanin kwata na awa a kowane zama, kusan sau huɗu a mako. Wannan abu ne da gida mai hidima zai iya ɗauka.

Mataki na uku: ku rataya kowane atisaye a jikin abin da kuke yi dama

Atisayen da ke jiran "idan na samu lokaci" ba ya samun lokacin. Wanda aka haɗa da wanka kuwa, muddin za a yi wanka to za a yi shi. Ku ɗauki takarda ku rubuta abubuwan da ba sa wuce yaron a kowace rana: tashi daga barci, canza ƙunzugu, wanka, shafa mai, sa kaya, cin abinci, wasa, kwanciya. Sai ku bi atisayenku uku ko huɗu ku ba kowanne gurbi.

Miƙar da tsoka ta fi daɗi bayan wanka da ruwa mai ɗumi, lokacin da jiki ya saki, ana shafa mai ana yi. Buɗa cinyoyi a hankali ya dace da lokacin canza ƙunzugu, tunda yaron yana kwance rigingine kuma za a yi hakan sau da yawa a wuni. Lokacin sa wando, maimakon a kwantar da shi a zura masa, a tsayar da shi ya dafa gefen gado, ya ɗaga ƙafa ɗaya sannan ɗayar. Ga atisayen tsayuwa da daidaita jiki an yi ba tare da an kira shi atisaye ba. Wajen sa riga a fara da hannun da ya fi sanƙarewa, wajen cirewa a ƙare da shi. Jaririn da ake so wuyansa ya tsaya, a kwantar da shi rub da ciki a kan ƙirjin uwa ko uba, a riƙa yi masa magana har ya ɗago kai ya kalli fuska. Wannan kwanciyar ta ido biyu ce kuma a gaban babba. Idan barci zai yi, a mayar da shi rigingine.

Lokaci biyu ne ba su dace ba: yaro yana jin yunwa ko barci, da kuma daga gama cin abinci. A bar aƙalla rabin awa bayan ci, musamman ga yaran da abinci ke yawan dawo musu, waɗanda suna da yawa a cikin masu CP.

Har yadda ake ɗaukar yaro da yadda ake ajiye shi yana cikin lissafi, kuma ya fi minti goma na atisaye tsawo. Yaron da ke ƙanƙame ƙafafu yana harɗe su, a ɗauke shi cinyoyinsa a buɗe, ƙugu da gwiwa a lanƙwashe. Wanda ba ya iya juyawa da kansa, kada ya wuce awa biyu a yanayi ɗaya: kwanciyar gefe, zama da tallafi, rub da ciki, tsayuwa a abin tsayuwa idan an ba shi.

Mataki na huɗu: yadda ake miƙar da tsoka ba tare da ɓarna ba

A nan aka fi yin kuskure, don haka zan ɗan tsaya. A lalurar CP raunin da ke ƙwaƙwalwa ba ya ƙaruwa, amma jiki yana girma. Ƙashi yana tsawo, tsokar da ta sanƙare ba ta bin sa yadda ya kamata, sai gaɓa ta fara ƙin miƙewa, dunduniya ta daina taɓa ƙasa, gwiwa ta tsaya a lanƙwashe. Shi ya sa iyaye kan ga kamar an koma baya a lokacin da yaro ya yi saurin tsawo.

Irin wannan tsokar tana da hali guda da ya kamata kowa ya sani: idan aka fizge ta da sauri, ƙara ƙanƙamewa take yi. Don haka a hankali ake tafiya. Ɗauki misalin tsokar bayan ƙwauri, wadda ke jan dunduniya sama. A kwantar da yaro rigingine. Hannu ɗaya ya tallafo dunduniyar a cikin tafi, tafin ƙafar yaron ya jingina da hannun mai yi daga wuyan hannu zuwa sama. Ɗaya hannun ya riƙe ƙafar kusa da gwiwa don ta zauna a miƙe, ba tare da an danna ƙoƙon gwiwar ba. Sai a jawo dunduniyar ƙasa a hankali, ana karkata ƙafar zuwa wajen ƙwauri, har a ji tsokar ta fara turjiya. A tsaya a nan. A riƙe kamar daƙiƙa 30, ko yadda likita ya ce, ba girgizawa, ba dannawa ana saki. Sau da yawa za a ji ta ɗan saki da kanta bayan wasu daƙiƙu, sai a bi ta kaɗan. Kuskuren da aka saba shi ne tura yatsun ƙafa kawai: ƙafar za ta yi kamar ta lanƙwasu, alhali tsakiyarta ce kawai ta lanƙwashe ta ba da hanya, tsokar da ake nufi ba a taɓa ta ba.

Ƙa'idar ɗaya ce a sauran gaɓoɓi. A riƙe sama da gaɓar da ƙasanta, kusa da ita, kada a kama ƙarshen ƙafa ko hannu a yi ta ja. A kalli fuskar yaron, kada a kalli ƙafar. Jin ja ba laifi ba ne, jin zafi kuwa alama ce ta an wuce iyaka. Yaran da ba sa tsayuwa ƙashinsu ba ya yin ƙwari kamar na sauran, kuma ana samun karayar cinya kusa da gwiwa daga miƙarwa da ƙarfi. Babu wani atisaye da ake yi da ƙarfin tsiya.

Akwai waɗanda miƙarwar ma ba tasu ba ce. Yaro mai lalurar Down, wadda ake haihuwar yaro da ita kuma take jinkirta ci gabansa, gaɓoɓinsa a sake suke tun asali, ƙarfafa tsoka yake buƙata, kuma wasu daga cikinsu suna da rauni a haɗin ƙasusuwan wuya na sama, don haka ba a sa su tuntsura gudun-gudun ko wasan da ke lanƙwasa wuya sai da sahalewar likita. Yaro mai ciwon lalacewar tsoka na gado, irin wanda ake kira Duchenne, ba a tura shi har ya gaji liƙis, domin gajiyar tana ƙara ɓata tsokar. Wanda aka haifa da buɗaɗɗen ƙashin baya kuma wataƙila ba ya jin ƙafafunsa, ba zai yi kuka ba ko ana ji masa ciwo. Ruwan zafi ko tsumma mai zafi kada su kusanci fatar da ba ta ji.

A ganina an ɗora wa miƙarwa ta hannu fata fiye da abin da take iya bayarwa. Nazarin da aka yi a kai ya nuna cewa miƙarwa ta 'yan daƙiƙu, ita kaɗai, ba ta cika hana gaɓa ƙagewa ba. Tana da amfaninta wajen sassauta jiki da lura da ko gaɓa ta fara raguwa, amma idan lokacinku kaɗan ne, kada ku ƙarar da shi duka a nan. Kaso mafi girma na mataki na gaba ne.

Mataki na biyar: shi zai yi, ku masu taimako ne

Ƙwaƙwalwa tana koyon motsi ne idan ita ta ba da umarnin, ta gwada, ta kuskure, ta sake. Kamar turba ce a cikin ciyawa: sawun mai bin ta kullum ne ke fitar da ita, wanda aka ɗauka a kafaɗa aka tsallakar ba ya barin sawu. Idan ku ne kuke ɗaga hannun yaro kuna saukewa sau ashirin yana kallon rufi, hannun ya motsa amma bai koyi komai ba. Ku ajiye abin da yake so a inda sai ya miƙa zai kai, kaɗan gaba da iyawarsa ta yau. Idan ya yi nisa da yawa zai haƙura, idan ya yi kusa da yawa babu aiki.

Sannan ku jira. Wannan ne mafi wuya ga iyaye. Yaro mai irin wannan lalura yana iya ɗaukar daƙiƙa goma ko fiye kafin saƙo ya isa hannunsa, mu kuwa tausayi ya sa mun riga mun miƙa masa. Ku ƙirga goma a zuci kafin ku sa hannu. Idan za ku taimaka, ku ba da mafi ƙarancin taimakon da zai sa ya kammala da kansa.

Tallafi kuma raguwa ake so ya riƙa yi. Mai koyon zama, a fara riƙe shi a ƙirji, bayan kwanaki a sauko zuwa ciki, sannan ƙugu, sannan cinyoyi, har a koma ajiye hannu kusa ba tare da taɓawa ba. Mai koyon tsayuwa a riƙe shi a ƙugu daga baya. Ɗaga hannuwansa sama ana jan sa yana sa shi tafiya a kan yatsu yana rataye, ba ya koyon ɗaukar nauyinsa. Keken koyon tafiya mai tayoyi, wanda ake zura jariri a ciki, haka yake yi, ga haɗarin faɗuwa. Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004.

Idan hannu ɗaya ne mai rauni, ku zaɓi wasan da dole sai da hannu biyu: buɗe murfin gwangwani, yaga takarda, riƙe babbar ƙwallo, tafi. A riƙa miƙo masa abu ta ɓangaren mai raunin. Akwai hanyar da ake rufe lafiyayyen hannun na ɗan lokaci don a tilasta amfani da ɗayan, kuma tana aiki, amma tsari ce da likita ke shiryawa. Kada a ɗaure hannun yaro a gida da ka.

Ku daina tun yana jin daɗi. Minti biyar da aka ƙare da dariya zai sa gobe ya yarda; minti ashirin da aka ƙare da hawaye zai sa ya fara kuka da ganin an shimfiɗa abin kwanciya.

Kukan ƙi da kukan ciwo

Ku kuka fi kowa sanin muryar ɗanku. Kukan ƙi yana tsayawa idan aka kawo abin wasa ko aka canza waƙa, yana kuma farawa tun kafin a taɓa shi. Kukan ciwo yana zuwa ne daidai lokacin da aka kai wani wuri, da zabura ko ɗauke numfashi, kuma rarrashi ba ya kashe shi. Na farko a sauya salo, a gajarta, a sauya mai yi. Na biyu a tsaya.

Idan jikin yaro ya fi kullum sanƙarewa ba dalili, kafin ku ƙara atisaye ku nemi abin da ke damun sa: zazzaɓi, rashin bayan gida, ciwon fitsari, haƙori, takalmi mai matsi, sanyi. Duk suna ƙara ƙanƙamewar tsoka. Ranar zazzaɓi ko bayan farfaɗiya hutu ake yi. Kumburi ko zafi a gaɓa, ƙin taka ƙafar da ya saba takawa, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta, ciwo wajen buɗa cinya, ko rasa wani abu da ya riga ya iya, duk na komawa asibiti ne ba tare da jiran ranar da aka ba ku ba. Yaron da aka sa wa bututun rage ruwa a kai, idan ya fara amai da ciwon kai da yawan barci, a tafi nan take.

Ku kuma tambayi likita game da hoton ƙashin ƙugu. A yara masu CP, musamman waɗanda ba sa tafiya, kan ƙashin cinya yana iya zamewa daga gurbinsa sannu a hankali ba tare da wata alama ba da farko. A Suwidin an fara bibiyar yaran da hoto a kai a kai tun 1994, kuma gocewar ƙugu gaba ɗaya ta zama abin da ba kasafai ake gani ba a can.

Takalman gyara da abin tallafi

Waɗannan suna yin aikin awanni da hannu ba zai iya ba. A fara da ɗan lokaci ana ƙarawa, a sa safa mai laushi marar naɗi a ciki, a tabbata dunduniya ta zauna har ƙasa kafin a ɗaure. Duk sanda aka cire a duba fata. Jan da ya ɓace cikin minti 20 zuwa 30 ba komai. Wanda ya zauna, ko ya yi ƙuna, a daina sawa a mayar a gyara. Yaro yana girma, takalmin ba ya girma.

Ga jaririn da aka haifa da ƙafa a murɗe ciki aka gyara ta da hanyar Ponseti, wato miƙar da ƙafar a hankali da ɗaurin filasta, takalmin da ake ba shi mai sanda a tsakani shi ne sauran maganin: awa 23 a rana na wata uku na farko, sannan lokacin barci har ya kai shekara huɗu zuwa biyar. Babban abin da ke sa ƙafar ta koma yadda take shi ne daina sa takalmin da wuri saboda an ga ta miƙe.

Mataki na shida: shaida, da raba aiki

Wanda ke ganin yaro kullum shi ne na ƙarshen ganin ci gabansa. Ku liƙa kalanda a inda ake wucewa, a yi alama duk ranar da aka yi, ko da atisaye ɗaya ne. Sau ɗaya a wata ku ɗauki bidiyon minti ɗaya na abin nan da kuka sa a gaba, a wuri ɗaya, ta kusurwa ɗaya. Ranar da zuciya ta ce wahalar banza ake yi, a buɗe na wata uku da suka wuce. Ku gwada shi da kansa na baya, kada ku gwada shi da ɗan wani. Ko a tsakanin yara marasa wata lalura, ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya nuna wani yana tafiya tun yana wata 8, wani sai ya kusa wata 18.

Aikin kuma kada ya zama na mutum ɗaya, wanda kusan kullum uwa ce. Aƙalla manya biyu su iya kowane atisaye, kuma ya fi kyau uba ya je asibitin da kansa ya koya, ya ɗauki gurbi ɗaya sananne a rana ya zama nasa. Yayye da ƙanne su ne gwanayen ɓangaren wasa, amma miƙar da gaɓa ta manya ce. Mai ɗaukar yaro ya kula da bayansa: a durƙusa da gwiwa, a manna yaron da jiki, a tashi ba tare da murɗa ƙugu ba. Yaron zai ƙara nauyi kowace shekara, don haka tun yanzu a fara koya masa ya taimaka, ko da riƙe wuya ne ko taka ƙafa ɗaya.

Idan an yi fashi

Za a yi. Rashin lafiya, tafiya, haihuwa, ko gajiya kawai. Kada a ce za a rama na mako biyu a kwana ɗaya. A koma da atisayen nan guda ɗaya da likita ya ce shi ne kan gaba, a gurbinsa na da, na kwana uku ko huɗu, da sauƙi fiye da inda aka tsaya domin jikin ya ɗan koma baya. Sannan a dawo da sauran ɗaya bayan ɗaya.

Ranar komawa asibiti ku tafi da kalandar yadda take, da guraben da babu alama. Idan kuka ce ana yi kullum alhali ba a yi, likitan zai ɗauka atisayen ne bai yi aiki ba, ya canza abin da yake daidai ko ya ƙara muku wani nauyin. Ku ce masa wanne ne yaron ya ƙi, wanne ne ba ku gane ba, wane lokaci ne bai yiwu ba, ku nuna masa bidiyon wata, sannan ku sake yin kowane atisaye a gabansa, domin hannu yana sauya kamu a hankali ba tare da mai shi ya lura ba. Idan an cim ma burin farko, ku tsayar da na gaba kafin ku fito, a kuma cire atisayen da ya gama aikinsa daga takardar.